Dokar kullen korona da filayen golf a Ingila a 2021: tambayoyin da ake ta yi da amsoshinsu

Jama'a sallama. Tun da aka shiga wannan kullen korona na uku a farkon Janairun 2021 ake ta turo tambayoyi iri ɗaya, wasu daga 'yan uwanmu da ke nan Ingila masu buga golf, wasu kuma daga gida suna mamakin wai ta yaya za'a rufe fili mai faɗin gaske da babu kowa a ciki sai ciyawa da iska. To na tattara su wuri guda. Abin da ke nan shi ne yadda doka take a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan jawabin da firaministan lokacin Boris Johnson ya yi ran 22 ga wata, don haka duk inda na ce yanzu ko bana ko bara, daga wannan lokacin nake lissafi, ba daga ranar da kake karantawa ba.

Yanzu haka filayen a rufe suke ko a buɗe?

A Ingila a rufe suke, duka. Na kuɗi da na ƙaramar hukuma, babba da ƙarami, har da wurin koyon bugu inda ake sayen kwandon ƙwallaye. Tun 5 ga Janairu.

Yaushe za'a buɗe?

Ran Litinin 29 ga Maris, in Allah ya kai mu kuma alƙaluma basu lalace ba. A ranar ne za'a bar wasannin waje su dawo, golf da tanis da wuraren ninƙaya na fili, kuma a ranar ne umarnin nan na zama a gida zai ƙare, mutum shida ko gida biyu su iya haɗuwa a waje. Kafin nan ran 8 ga Maris yara zasu koma makaranta kuma za'a bar mutum ya zauna da mutum ɗaya a waje ko da ba motsa jiki suke ba, amma wannan bai shafi golf ba, kar wani ya ɗauki jakarsa ran 8 ya tafi ya tarar da kwaɗo a get.

Sauran abubuwa sai a hankali. Shagon kulob inda ake saida sanduna da safar hannu, da cin abinci a waje, ba zasu dawo ba kafin 12 ga Afrilu. Zama a cikin gidan kulob a ci a sha kuwa ba kafin 17 ga Mayu ba. Gwamnati ta ce waɗannan ranakun su ne mafi kusa, za'a iya ɗaga su gaba amma ba za'a jawo su baya ba.

Wannan karo na nawa ne ake rufewa?

Na uku. Na farko an sanar da kulle daren 23 ga Maris 2020, filaye suka zauna a rufe har 13 ga Mayu. Na biyu daga 5 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba. Wannan na ukun shi ne mafi tsawo, sati goma sha biyu kenan in an kai 29 ga Maris. In ka haɗa su duka zaka ga cikin shekara ɗaya filayen Ingila sun yi sama da wata biyar ba'a buga ko ƙwallo ɗaya ba.

Malam dan Allah meye hikimar? Fili ne fa fetal, mutum biyu na iya tafiya da tazarar mita goma tsakaninsu, ina korona zata kama su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma mai tambayar yana da gaskiya a rabin maganarsa. Cutar nan a ɗaki take yaɗuwa fiye da ko'ina, inda iska bata shiga, mutane sun daɗe tare suna magana. A fili hatsarin kaɗan ne, masana na gwamnatin ma basu musa wannan ba. Ƙungiyar England Golf ta yi ta faɗin haka, 'yan majalisa masu goyon bayan wasan suka yi ta rubuta wasiƙu, a watan Nuwamba aka buɗe takardar koke a shafin majalisa mutum sama da dubu ɗari biyu suka sa hannu cikin 'yan kwanaki. Duk bai sa an buɗe ba.

To me yasa? Ni a fahimtata ba ƙwallon ake tsoro ba, abin da ke kewaye da ƙwallon ne. Mutum zai fito daga gida, ya biya ya ɗauki abokinsa a mota ɗaya gilas a rufe saboda sanyi, su tsaya gidan mai, su isa wurin fakin su tarar da wasu abokan a tsaya ana hira, a shiga bayan gida ɗaya, a gama a ce bari mu ɗan zauna. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne amma in ka ninka shi da dubban ɗaruruwan mutane kullum ya zama babba. Sannan yawancin masu buga golf a ranakun aiki dattawa ne da suka yi ritaya, su ne kuma cutar ta fi kwantarwa.

Dalili na biyu shi ne wanda gwamnati ta fi dogara da shi, cewa in aka fara cire wannan aka cire wancan to saƙon zama a gida ya mutu. In aka bar golf mai tanis zai ce ni fa, mai ninƙaya zai ce ni fa, mai ɗan ƙwallon unguwa na ranar Lahadi zai ce dama dokar talaka ake yi wa. Kuma a tuna halin da ake ciki a Janairu, sabon nau'in cutar da ya ɓulla a Kent yana ta gudu, asibitoci sun cika maƙil, ran 20 ga wata kaɗai an sanar da mutuwar mutum 1,820, ran 26 adadin waɗanda suka rasu a Birtaniya ya haura 100,000. A irin wannan makon babu ministan da zai tsaya gaban jama'a ya ce an buɗe golf.

Ni ina son wasan nan sosai kuma rufewar ta dame ni, musamman saboda tsofaffin da na sani waɗanda wannan tafiyar ta awa huɗu ita ce kawai fitarsu da ganin mutane a sati. Amma a Janairu ban ga laifin gwamnati ba. Inda nake ganin an ja abin da yawa shi ne yanzu, cutar ta sauka, an yi wa mutum sama da miliyan 15 allurar farko tun tsakiyar Fabrairu, kuma za'a bar mutum biyu su zauna a benci su sha shayi ran 8 ga Maris amma wai su biyun nan ba zasu iya tafiya a fili da sanda a hannu ba sai bayan sati uku. Wannan kam da an so da an haɗa su rana ɗaya.

Amma an ce kamun kifi ya halatta?

Eh haka ne. Da farko an hana, sai ƙungiyar masu kamun kifi ta Angling Trust ta bi ta kai kokenta, cikin kwana biyu zuwa uku gwamnati ta ce a je a yi a matsayin motsa jiki, muddin kusa da gida ne. 'Yan golf sun ji haushin wannan ba kaɗan ba. Bambancin da ake kawowa shi ne mai kamun kifi shi kaɗai yake zaune a bakin ruwa ba sai an buɗe masa wani wuri da ma'aikata ba.

Ga shi ana buga Firimiya kullum a talabijin, su korona bata kama su ne?

Tana kama su, an ɗage wasanni ma saboda hakan. Amma doka ta ware wasan ƙwararru daban, ana ɗaukarsa aiki ne, ana yi musu gwaji akai akai kuma babu 'yan kallo. Ƙwararrun 'yan golf ma suna cikin wannan rukunin. Haka kuma an bar wasannin waje da aka shirya domin masu buƙata ta musamman su ci gaba. Kai da kake biyan kuɗin mamba kana bugawa ranar Asabar baka ciki, ko da kuwa ka fi kowa iyawa a kulob ɗinku.

Nisan mil nawa doka ta yarda in yi daga gida domin motsa jiki?

A nan ne matsalar take, kuma a ganina nan ne gwamnatin Ingila ta fi yin sakaci. Babu adadi. Dokar da majalisa ta amince da ita cewa ta yi kar ka bar gida sai da uzuri karɓaɓɓe, motsa jiki kuma yana cikin uzurin, bata ce mil kaza ba. Sai takardar shawara ta gwamnati ta zo ta ce ka tsaya a yankinku, wato ƙauyenku ko garinku ko ɓangaren birnin da kake zaune, kuma sau ɗaya a rana. To shawara daban doka daban, ɗan sanda kuma a kan hanya shi aka bar wa ya yanke.

Kowa ya ga abin da hakan ya haifar. A farkon Janairu 'yan sandan Derbyshire suka ci wasu mata biyu tarar fam 200 kowacce saboda sun yi tuƙin mil biyar zuwa bakin wani dam domin tattaki, kowacce a motarta, ƙasa ta ɗauka da surutu, daga baya aka janye tarar aka basu haƙuri. Cikin kwanakin nan kuma aka ga shi kansa firaminista yana tuƙa keke a filin Olamfik na gabashin Landan, mil bakwai daga gidansa na Downing Street, ofishinsa ya ce bai karya doka ba. Mutane basu manta da tafiyar Dominic Cummings ba ta bara, mai ba firaminista shawara a lokacin, wanda ya tuƙa mota daga Landan har Durham mil 260 ana tsakiyar kullen farko. Irin waɗannan su suka sa talaka ya fara jin cewa dokar tana da ido, tana ganin wani bata ganin wani, kuma wlh wannan ya fi rufe filin golf illa, domin doka irin wannan da yardar mutane take tafiya.

Shawarata mai sauƙi ce. In zaka iya zuwa da ƙafa daga ƙofar gidanka to ka tafi da ƙafa. In sai da mota to wuri mafi kusa, ba wuri mafi kyau ba. Mu baƙi musamman masu bizar karatu ko ta aiki bamu da buƙatar jayayya da ɗan sanda a bakin titi a kan fassarar wata kalma.

Nawa ne tarar?

Fam 200 karon farko, in ka biya cikin kwana 14 ta koma 100. In ka sake sai ta ninka, tana ta ninkawa har 6,400. A kullen farko da fam 60 aka fara. Zuwa shagali a gida mai mutum sama da 15 kuma 800 ne, wanda ya shirya taron sama da mutum 30 zai iya shan 10,000.

Na ji a Scotland ana bugawa. Gaskiya ne? Zan iya hayewa?

Gaskiya ne ana bugawa, amma ba zaka iya hayewa ba. Harkar lafiya kowace ƙasa cikin huɗun da suka haɗu suka zama Birtaniya, wato Ingila da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa, ita ke yin dokarta, gwamnatin Scotland ta lokacin Nicola Sturgeon ta bar filaye a buɗe a wannan kullen da sharaɗin mutum biyu kacal daga gida biyu, kuma ka tsaya cikin ƙaramar hukumarka ko abin da bai wuce mil biyar daga iyakarta ba. Ka ga su sun sa adadi, kowa ya san inda ya tsaya. Tsallaka iyaka tsakanin Ingila da Scotland ba tare da uzuri ba kuwa laifi ne tun Nuwamba, golf kuma ba uzuri bane. Mutumin Berwick, garin Ingila da ke bakin iyakar Scotland, yana zaune filinsu a kulle, 'yan mil kaɗan arewa da shi ana ta bugawa, haka zai haƙura.

Wales a rufe tun kafin Kirsimeti, Ireland ta Arewa ma a rufe. Jamhuriyar Ireland a rufe take ita ma, can kuma kilomita biyar ne iyakar fitarka domin motsa jiki, a kullensu na farko ma kilomita biyu ne.

Akwai wani fili a kan iyakar Ingila da Wales da ake kira Llanymynech, ramuka 15 suna Wales uku suna Ingila. A watan Mayun bara da Ingila ta buɗe ran 13 Wales kuma sai ran 18, sai da aka yi ta tambayar wace doka ce ke hawansu.

Zan iya shiga filin in yi tattaki kawai ba tare da sanda ba?

Ya danganta. Filaye da yawa a Ingila akwai tsohuwar hanyar ƙafa ta jama'a da ta ratsa ta cikinsu, wannan haƙƙinka ne ka bi ta kulle ko ba kulle, zaka ga alamar kibiya a jikin ɗan katako. Wasu na ƙananan hukumomi kuma an buɗe su gaba ɗaya domin mutane su samu wurin shan iska, abin da na ji daɗinsa sosai domin wanda ke zaune a bene hawa na tara da yara uku ba lambu ba baranda ya fi kowa buƙatar wannan ciyawar. Amma in fili na kulob ne mai zaman kansa kuma babu hanyar jama'a to gonar wani ce, sai da izini.

In ka shiga dan Allah ka kiyaye abu biyu. Kar ka taka lallausar ciyawar nan da ke kewaye da rami, wadda ake askewa ƙasa ƙasa kamar darduma, a lokacin sanyi in ƙanƙara ta kwanta a kanta ka taka, ganyen karyewa yake, bayan kwana biyu sai ka ga sawun takalminka ya fito baƙi ƙirin kuma haka zai zauna har bazara. Na biyu kar a bar yara da karnuka su shiga ramukan yashi. Na wuce ta wani fili kusa da mu bayan dusar ƙanƙarar da aka yi a farkon watan nan, an yi wasan sulu a gangaren da ke kan rami har ƙasa ta fito, ga wani dattijo ma'aikaci shi kaɗai a durƙushe yana cusa ciyawa a gurbin da hannu.

To in na je da sanda ɗaya da ƙwallo biyu da sassafe ba wanda ya gani fa?

Kar ka yi. Wurin a rufe yake bisa doka, kulob ɗin ne zai shiga matsala kafin kai, inshorarsu bata rufe ka ba in ƙwallonka ya sami mai tattaki, kuma kulob da dama sun gargaɗi mambobinsu cewa wanda aka kama za'a dakatar da shi. A filin shaƙatawa na unguwa ma yawanci dokar ƙaramar hukuma ta hana buga golf tun kafin korona.

Na biya kuɗin mamba na shekara, za'a dawo min da na watannin da aka rufe?

Babu amsa ɗaya, sai ka duba irin kulob ɗinku da takardar da ka sa wa hannu. In kamfani ne ke da filin yana saida maka hidima, kana da ƙafar tsayawa, domin hukumar CMA mai kare masu saye ta faɗa tun Afrilun bara cewa a ƙa'ida in an biya kuɗin hidima ba'a samu ba ya kamata a mayar. Wasu sun dakatar da cirar kuɗin wata wata, wasu sun ƙara wa mutane watanni a gaba, wasu sun zuba wani abu a katin cin abinci.

In kuma kulob ɗin na mambobi ne, wato ku ne masu shi, to maganar ta canza, kuɗin da kake nema a dawo maka daga aljihunku zai fito. Ciyawa bata san an yi kulle ba, kullum tana buƙatar yanka da magani da gyaran magudanar ruwa, injinan yanka yawanci bashi ne ake biya duk wata, ga kuɗin baƙi da na bukukuwa da na abinci duk sun tsaya cak. Wanda aikinsa ya tsaya ko kuɗi suka yanke masa ya je ya sami sakatare ya faɗa masa gaskiya, da yawa suna sassautawa a raba biyan. Wanda kuma albashinsa bai taɓu ba ni dai ina ganin ya bari, in yana so ya tarar da fili ran 29 ga Maris.

Ma'aikatan fa, ya suke yi?

Wannan tambayar mutum ɗaya ne ya yi ta amma ita ta fi cancanta a yi. Masu kula da ciyawa an yarda su ci gaba da aikin da ya zama dole, sai dai an rage su, inda mutum shida ke yi sai ka ga biyu ko uku. Masu kicin da masu shara da na kanti yawanci suna kan tsarin nan da ministan kuɗi na lokacin Rishi Sunak ya kawo, gwamnati na biyan kashi 80 na albashi har zuwa fam 2,500 a wata. Kashi 80 na ƙaramin albashi kuwa kowa ya san ba ya kai wata, haya bata ragu ba. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu koyar da wasa, da yawansu kansu suke yi wa aiki, in ba darasi ba kuɗi, ga kayan kanti da suka saro da kuɗinsu suna jibge. Sai masu ɗaukar jaka a manyan filayen Scotland irin St Andrews da suka dogara da baƙi daga Amurka, bara gaba ɗaya kusan ba baƙin.

Wanda ya san filayen gida, IBB a Abuja ko na Kano ko Kaduna ko Rayfield a Jos, ya san yaran nan masu ɗaukar jaka da abin da suka samu a ranar suke ci. Lokacin da shugaba Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja ran 30 ga Maris ɗin bara, daga baya aka kulle Kano aka hana tafiya tsakanin jihohi, irinsu babu wani kashi 80 da ya zo musu. In kana da wanda ya saba ɗaukar maka jaka can gida ka tuna da shi.

In an buɗe komai zai koma yadda yake da?

A'a, sa ran irin na bara. Sai ka yi bukin ta intanet ko waya kafin ka zo, ba zuwa kawai a shiga layi. Ka iso minti goma zuwa sha biyar kafin lokacinka, ka canza takalmi a bayan but ɗin motarka domin ɗakin canza kaya a kulle. Ba'a taɓa tuta, a barta a cikin rami, kuma zaka ga an cusa wani guntun soso a ramin yadda ƙwallo ba zata nutse ba, ka ɗauke ta da yatsa biyu ba tare da ka shafi komai ba. An kwashe manjagara daga ramukan yashi, da ƙafa ko da sanda zaka share sawunka. Ba musayar katin maki, ba musabaha a rami na 18 wato na ƙarshe, an gama kowa ya kama hanyar gida. Hukumar R&A mai kula da dokokin wasan ta amince da waɗannan sauye sauyen tun bara saboda makin ya ƙirgu.

Zan iya fita waje, Fotugal ko Dubai, in buga in dawo?

A'a. Fita ƙasar waje domin hutu haramun ne a dokar yanzu, kuma ba za'a duba buɗe shi ba kafin 17 ga Mayu. Fotugal da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Afirka ta Kudu duk suna cikin jerin jan layi, wato ƙasashen da gwamnati ta ware a matsayin masu haɗarin cutar, wanda ya dawo daga can tun 15 ga Fabrairu otal ake kai shi kai tsaye daga filin jirgi ya killace kansa kwana 10 a kan fam 1,750 daga aljihunsa. Wanda ya ɓoye inda ya fito kuma hukuncin na iya kaiwa ɗauri.

To zuwa gida Najeriya fa?

In ziyara ce kawai ko biki, bata cikin uzuri. In aiki ne ko rasuwa ko jinyar wani na kusa to akwai hanya, ka riƙe shaidarka a hannu. Najeriya bata cikin jan layi a yanzu, amma a dawowa sai ka nuna gwajin da bai wuce kwana uku ba kafin ka hau jirgi, ka cike fom ɗin inda zaka sauka, ka zauna a gida kwana 10, ka kuma biya fam 210 na gwaji biyu a rana ta 2 da ta 8. Can gida ma akwai nasu, gwaji kafin tashi, rajista a shafin gwamnati, killace kai kwana bakwai da sake gwaji. Ka lissafa kuɗin da kwanakin duka kafin ka yanki tikiti, kuma ka sake dubawa ana gobe tafiya domin jerin nan canzawa yake ba sanarwa mai tsawo.

Manyan gasa fa, za'a yi bana?

Bara an soke gasar The Open gaba ɗaya, karon farko tun yaƙin duniya na biyu, an maida ta Yulin bana a Royal St George's da ke Kent. Masters da aka saba yi a Afrilu sai a Nuwamba aka yi ta ba 'yan kallo, Dustin Johnson ya ɗauka, bana ta koma Afrilunta. Ryder Cup tsakanin Amurka da Turai an ɗaga zuwa Satumban bana a filin Whistling Straits na Amurka.

Ban taɓa bugawa ba amma ina so in fara in an buɗe, zan samu wuri?

Zaka samu amma ka shirya da wuri. Bara da aka buɗe a Mayu golf na cikin 'yan abubuwan da aka yarda a yi, mutane suka yi ca, waɗanda suka bari shekaru suka dawo, kulob da ke neman mambobi ido rufe sai ga su da jerin masu jira. Bana ma haka za'a yi, satin farko kam mambobi zasu cinye lokutan, wasu wuraren ba zasu karɓi baƙi ba sam.

Ka fara da filin ƙaramar hukuma ko mai ramuka tara, ya fi sauƙin kuɗi kuma ba mai takura maka. Kar ka sayi sabbin sanduna, na hannu sun wadatar, ka nemi darasi biyu ko uku wurin mai koyarwa domin su ma yanzu suke buƙatar aikin. Ran 28 ga Maris za'a tura agogo gaba da awa ɗaya, rana zata riƙa kaiwa wajen bakwai da rabi bata faɗi ba, to lokutan yamma bayan an tashi aiki sun fi arha kuma sun fi samuwa. Azumi kuma zai kama wajen tsakiyar Afrilu, mai niyyar bugawa da azumi a baki ya nemi ramuka tara bayan la'asar, ya tambaya tun a waya ko bayan gida a buɗe yake saboda alwala, domin ba ko'ina ake buɗewa ba.